Shekara tara ina fim, yau an ce in zaɓa tsakanin aure da kyamara

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar fim ce, haifaffiyar Tudun Wadan Zariya, shekarata 32. Na shiga harkar shekara tara da suka wuce bayan aurena na fari ya mutu, ina da 'ya ɗaya, tana aji biyar a firamare. Ban taɓa jan fim ba, kullum ƙawar jaruma nake fitowa, ko kishiya, ko nas. A titi ana gane ni, ana ɗaukar hoto da ni, amma har yau a ɗakin mahaifiyata nake kwana. Watan jiya wani furodusa ya kira ni aikin wani shiri mai dogon zango a Kano, ya ce uwar jaruma zan fito, yarinyar da ban ba ta shekara takwas ba. Daren nan kwana na yi ina kuka. Ga kuma wani malamin makaranta a Samaru, yana da mata ɗaya, yana nema na da aure. Mutumin kirki ne, amma ya ce sai na bar fim kwata-kwata. Mahaifiyata da yayana sun ce in amsa. Ni abin da ke raina shi ne in amsa masa, in na shiga gidan in lallaɓa shi ya bar ni in koma. Ko kuma in ƙi, in tafi Kano in gwada sa'ata karo na ƙarshe. Me kike gani?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Zan fara da maganar da kika ajiye kusa da ƙarshen wasiƙarki, wato ki amsa masa yanzu, in an shiga daga ciki ki lallaɓa shi. Wannan kam kada ki yi. Bawan Allahn nan bai ɓoye miki komai ba, tun daga zaure ya faɗi sharaɗinsa. Idan kika ce kin yarda alhali zuciyarki tana lokeshan, bayan wata shida ko shekara za ki fara tayar da zancen, shi ya ga an yaudare shi, ke ki ga an kulle ki, gida ya ɗauki zafi. Daga nan sai ki ji mutanen unguwa suna cewa ai dama 'yan fim ba sa zaman aure, a ɗora wa sauran 'yan'uwanki mata laifin da ba su ji ba ba su gani ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa sharaɗin da ya fi cancanta a cika shi ne wanda aka ƙulla aure a kansa. Kin riga kin ɗanɗani mutuwar aure sau ɗaya, kin san yadda ake kwaso kaya a dawo ɗakin uwa da yarinya a hannu. Ba na so ki shiga na biyu da dabarar da za ta kashe shi ɗaure a bakin zaninki.

Yanzu kukan da kika yi. Na fahimce shi, kuma ban ga laifinki ba. Kyamara a masana'antar nan ba ta da haƙuri da fuskar mace. Namiji yana iya haura arba'in yana fitowa saurayi, ana rera masa waƙa a lambu, amma mace da ta taɓa talatin sai a fara miƙa mata ɗankwali da carbi. Kowace shekara sababbin yara suna sauka Kano daga Jos, Kaduna, Maiduguri, har da Nijar, kowacce a shirye take ta yi aikin a kan rabin kuɗinki, wata ma kyauta don dai a gan ta. Shekara tara kina jiran ranar da za a ce ke ce za ki ja fim, sai aka kira ki aka ce ke ce uwa. Kiran nan ya gaya miki abin da kika daɗe kina zargi, cewa waccan ƙofar ta kusa rufewa. Ni ma ba zan ce miki a buɗe take ba.

Sai dai ki duba su wa suke daɗewa a harkar. Marigayiya Hajiya Saratu Giɗaɗo, Daso, ba da fitowa budurwa aka san ta ba. Da masifaffiyar uwa da muguwar kishiya ta yi suna, ta yi sama da shekara ashirin ana nemanta, har Allah Ya karɓi ranta a ƙarshen azumin 2024. 'Yanmata nawa ne suka ja fim a tsawon wannan lokaci, aka yi yayinsu shekara biyu ko uku, yau sai an yi tunani kafin a tuna sunansu? A shiri mai dogon zango ma, jaruma kan yi aure a tsakiyar labari a sauya ta da wata, amma uwa tana nan zango bayan zango. Saboda haka in wasan kansa kike so, matsayin uwa ba ƙasƙanci ba ne, kujera ce da ta fi ta jaruma ƙafafu masu ƙwari.

Amma daɗewa daban, abin hannu daban, kuma nan ne nake so ki tsaya da kyau. Kin tuna a 2022 lokacin da Hajiya Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa, ta ce akwai aikin da ake sallamarta da dubu biyu, dubu uku, dubu biyar? Wasu furodusoshi sun fito sun musa, suka ce su sun ba ta fiye da haka, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni ban shiga tsakaninsu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dattijuwar da ta fara wasa tun zamanin wasannin talabijin, wadda ba gidan Bahaushe da ba a san fuskarta ba, ta kai waɗannan shekaru tana lissafin sallamar yini. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake cewa ka yi wa naka.

Kuma ba wai duk furodusa mugu ne ba, tsarin kuɗin ne ya juya. A zamanin kaset da faifan sidi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ne suke sayen fim su baza shi, kuɗi ya dawo hannun mai fim da ɗan kauri. Satar fasaha, da masu tura fim a waya kan 'yan canji, da finafinan Indiya da ake fassarawa, suka taru suka kwantar da wannan kasuwar. Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka saba da shiri mako-mako, daga baya kowa ya koma buɗe tasha a YouTube. To a YouTube mai tasha ake biya, daga kuɗin tallan da ake sakawa a cikin shirin, kuma muddin ana kallo kuɗi yana shigar masa, ko bayan shekara uku ne. Ke kuwa ranar da aka gama ɗaukar fitowarki aka sallame ki, shi ke nan. Fuskarki tana can tana yi wa wani aiki dare da rana, ke kina Tudun Wada kina jiran kira. Duba matan da suka tara wani abu a harkar nan, za ki tarar kusan kowacce tana da abin da yake nata: ko tana shirya finafinanta, ko tana da shago, ko kamfanoni suna ba ta talla. Hadiza Gabon a nan Kaduna, ai shirin hirarta na YouTube nata ne, ba jiran kiran darakta take yi ba.

Na taɓa zama maƙwabtaka da wata yarinya mai irin aikinki a Gyallesu. Da asuba, ana sallame salla, za ka gan ta ta fito da ƙatuwar jaka ta tari mai Keke zuwa Kwangila don ta samu motar farko ta Kano. A cikin jakar akwai leshi uku, atamfa huɗu, mayafai, takalma, jakunkunan hannu, rabinsu aro daga ƙawaye, domin an ce matar mai kuɗi za ta fito kuma ita za ta zo da kayan sawarta. Ta kwana uku, yini guda cur a zaune a tsakar gidan da aka ara ana jiran jarumi ya iso, sai bayan isha'i aka ɗauki fitowarta biyu. Ranar da ta dawo ta shigo wurina, ta zauna a bakin tabarma ta kwance kuɗin ta ƙirga a gabana. Ta ware na mota zuwa da dawowa, ta ware na tela, ta ware na mai wanki da guga don ta mayar da kayan aro da mutunci. Abin da ya saura a tafin hannunta bai sayi tiya biyu ta shinkafa ba, ga cikon da aka ce za a turo mata wanda har ta bar unguwar ba ta ji alat ɗinsa ba. Washegari kuma yara suka bi ta a layi suna kiran sunan da take amsawa a fim, mai shago ya ƙara mata kuɗin sabulu don a ganinsa ita mai hali ce.

Ban kawo labarinta don in ce naki haka yake ba. Na kawo shi ne don in ba ki aiki. Ki sayi littafi mai layi, ki zauna da wayarki, ki bi wata goma sha biyun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Kowane aiki ki rubuta kwana nawa ya ci, nawa aka yi miki alkawari, nawa ya shigo hannu, nawa ya maƙale, sannan nawa kika kashe a mota, masauki, ɗinki, kayan kwalliya da data. Ki haɗa, ki raba gida goma sha biyu. Adadin da ya fito shi ne albashinki na wata. Yawancin masu wannan aiki ba su taɓa yin wannan lissafi ba, saboda ranar da dubu talatin ta shigo a dunƙule tana mantar da mutum makonni shidan da ba a kira shi ba. In adadin yana ciyar da ke da 'yarki har ya bar ragowa, to fim sana'arki ce, kuma ba ƙaramin abu ake ce miki ki ajiye ba. In kuwa ya nuna mahaifiyarki da yayanki ne suke cike gurbin, to ki san abin da kike riƙe da shi so ne da sabo, ki auna shi a wannan ma'aunin.

Sai malamin. Kin ce mutumin kirki ne, na yarda da ke. Amma kalmar "ki bar fim" tana da faɗi, kuma ban ga alamar kin tambaye shi iyakarta ba. Mene ne ainihin abin da ba ya so? Ganin fuskarki a allo tare da wasu maza? Tafiye-tafiye da kwanan otal? Ko mutanen harkar ne gaba ɗaya ba ya so ki sake hulɗa da su? Maza da yawa na farko da na biyu ne damuwarsu. In haka ne, shekara taran da kika yi ba ta tafi a banza ba. Kin san yadda ake tsara fitowa, kin san maganar da take zama a bakin ɗan wasa da wadda ba ta zama, kin san kayan da kyamara take so. Akwai rubutun labari, akwai haɗa kayan sawa, akwai wasan kwaikwayon rediyo da ɗora murya, waɗanda mace take yi daga ɗakinta ko ta je ta dawo a yini. Shi da yake Samaru ya san Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe guda na koyar da wasan kwaikwayo, da dandalinsu na ginin ƙasa da ke nan tun shekarun 1970, inda aka yi suna wajen kai wasa ƙauyuka don wayar da kai. Garin nan ne ya haifi fitaccen ɗan wasan kwaikwayo marigayi Ƙasimu Yero. Wasa ba baƙon abu ba ne a Zazzau, kuma ba duka ne rawa da waƙa ba. In kina da takardar sakandare, ki tambaye shi ko zai bar ki ki nemi gurbin karatu. Amsar da zai ba ki za ta nuna miki irin gidan da za ki shiga. In kuma ya ce shi ko ƙamshin harkar ba ya so, haƙƙinsa ne ya faɗa, ke ma haƙƙinki ne ki ji shi da kunnenki tun yanzu.

Akwai abu uku da nake so a yi maganarsu a fili, a gaban yayanki, kafin a karɓi ko sisin gaisuwa.

Na farko tsofaffin finafinanki. Ke za ki iya barin fim, amma fim ba zai bar intanet ba. Wata rana wani zai yanko inda kike rawa shekara bakwai da suka wuce ya saka a TikTok, ɗalibansa su gani, dangin uwargidansa su tura masa a WhatsApp, wani abokinsa ya yi masa shaguɓe a majalisa. Ki faɗa masa haka ƙarara, ki ma zauna ki nuna masa wanda kike ganin ya fi nauyi, ya gani daga hannunki. Sannan ki kalli fuskarsa. Namijin da zai aure ki yana jin kunyar jiyanki, duk ranar da aka yi saɓani da shi zai yi miki gori, kuma gorin miji ya fi na duk mutanen gari ciwo.

Na biyu 'yarki, kuma wannan ya fi komai. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, idan uwa ta yi aure da wanda ba muharramin yarinya ba, haƙƙin riƙo yana iya barin hannunta ya koma wurin kakar yarinya ta wajen uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan mahaifinta. Saboda haka kada a bar zancen a cikin duhu. Da ke za ta tare, ko wurin Hajiya mahaifiyarki za ta zauna? In da ke ce, ina za ta kwana a gidan da akwai uwargida da 'ya'yanta? Wa zai biya kuɗin makaranta in ta shiga sakandare baɗi ko baɗin baɗaɗa? Mahaifinta ya san da maganar? Yarinya mai shekara goma tana ganin komai, tana kuma riƙewa.

Na uku abin hannunki. Macen da ta yi shekara tara tana buɗe jakarta ta sayi abin da take so, ko kaɗan ne, zai yi mata wuya ta koma jiran a ba ta kuɗin kati. Shi kuma albashin malami ne, ga iyali a gabansa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ki nemi ya amince tun yanzu cewa za ki yi sana'a, a kuma faɗi wace iri. Mutanen da suke bin ki a Instagram da TikTok jari ne da 'yan kasuwa da yawa suke nema da kuɗi ba su samu ba. Atamfa, turaren wuta, humra, kayan yara, duk ana sayar da su ta nan, kuma ba dole sai kin nuna fuska ba in bai so, hannu da murya sun isa. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, amma fita da hulɗa da masu saye suna son yardar miji, gara a same ta da shaidu.

Game da aikin Kano kuwa, kada ki tattara ki koma can saboda alkawarin mutum ɗaya. Tsakanin Zariya da Kano tafiyar 'yan awoyi ce, ba ta kai ki kama hayar ɗaki kusa da Zoo Road, matattarar 'yan fim, ki bar yarinya ba. Ki kira furodusan ki tambaye shi kamar mai sana'a: fitowa nawa ce, kwana nawa, nawa ne kuɗin kowane kashi, wa ke da mota da masauki da abinci, kayan sawa naki ne ko na kamfani, kuma nawa za a ba ki kafin a kunna kyamara. Ya rubuto miki, ko da a saƙon waya ne. In ya ji haushin tambayar, kin samu amsarki. Sannan shi ma kada ki ɓoye masa cewa akwai maganar aure a kanki. In za ki karɓa, ki karɓi zango ɗaya mai ranar ƙarewa, malamin ma ya sani, don kada ki bar mutane da rabin labari su rasa yadda za su yi da uwar jaruma.

Kin tambayi abin da nake gani, ga shi. Tafiya Kano don gwada sa'a karo na ƙarshe, da fatan a wayi gari kin zama tauraruwa, ban goyi bayanta ba, domin wannan fatan ne ya riƙe ki shekara tara a ɗakin Hajiya. In za ki ci gaba da fim, ki ci gaba a matsayin ma'aikaciya mai farashi, ki rungumi matsayin uwa da hannu biyu, ki kuma fara gina wani abu naki a gefe tun bana. In kuwa littafin lissafinki ya nuna abin da nake zato, kuma malamin ya amsa maganar 'yarki da sana'arki da tsofaffin finafinanki ba tare da inda-inda ba, to ki yi istihara ki aure shi da zuciya ɗaya, ki bar fim bari na gaskiya. Za ki yi kewa, musamman in kika ga shirin ya fito da wata a kujerar da aka yi miki tayi, kuma ba laifi ki yi kewar. Amma in ya yi ɗari-ɗari a kan yarinyar nan, ko kika ga jiyanki yana ci masa rai, kada ki aure shi ko da fim ba ya ba ki ko taro. Gajiya da lokeshan ba ta isa dalilin shiga gidan wani ba.

Mahaifiyarki da yayanki sutura suke nema miki, kada ki ɗauke su abokan faɗa. Ki je ki durƙusa ki ce, Hajiya, ban ƙi ba, ina neman wata biyu in yi lissafi in kuma ji wasu amsoshi daga bakinsa. Ki roƙi Yaya ya kira shi su zauna, kina wurin.

Wani abu kuma da za ki fara a wannan makon, tun kafin zancen aure ya fita: duk wanda kike bi cikon sallama, ki kira shi. In aka ji kina shirin barin harkar, masu riƙe da kuɗinki za su ɗauka kin yafe. Ki rubuta sunayensu a shafin ƙarshe na littafin nan, da adadin da ranar aikin, ki bi su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, wanda ya ƙi ki kai maganarsa ga shugabannin ƙungiyarku. Idan kin gama lissafin kuma an yi zaman da malamin, ki sake rubuto mini abin da ya ce game da yarinyar.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya raya miki ita.